Ƙofa ta Huɗu a Kabad ɗin Inna

A layin kafintoci Daidai ake ce masa, kuma ba don yabo aka laƙaba masa sunan ba. Mutum ne da za ka kawo masa kujera ƙafa ɗaya ta karye, ka ce ya ɗan buga mata ƙusa kafin baƙinka su iso, sai ya kifa ta, ya rufe ido ɗaya, ya ce maka ai sauran ƙafafun ukun ma ba daidai suke ba. Shekararsa hamsin da tara. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fensir a bayan kunne ko da wajen biki za shi, tef ɗin awo a aljihu. Abin da ya tsana a duniya shi ne faci. A shagonsa ko dai a yi abu sabo tun daga tushe, ko mai kaya ya ɗauki kayansa ya ƙara gaba. Da yawa kuwa sun ƙara gaban.

Gidansa yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce ta raba su, kuma a cikin gidan nan teburin cin abinci ya shekara shida yana rawa. Ƙafa ɗaya ce ta gaza da kamar kaurin yatsa. Matarsa ta yi magana har bakinta ya gaji. Amsarsa ɗaya ce kullum: ba zai liƙa wa tebur guntun katako kamar wani ɗan koyo ba, sabo zai ƙera mata idan ya samu sarari. Sararin bai taɓa zuwa ba. Sai dai kowa a gidan ya koyi ɗaga kofinsa idan ya ga wani zai dogara gwiwar hannu.

Halin nan yana da asali. Mahaifinsa kafinta ne irin na da, wanda bai taɓa kunna inji ba, kuma maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokali ba. Lokacin da Daidai yake ɗan shekara goma sha tara, tsohon ya ɗauko aikin wani babban kabad na ɗakin matarsa, wato Inna, mahaifiyar Daidai, durowoyi a ƙasa, ƙofa shida a jere a sama. Kowace ƙofa firam ce da allo a tsakiyarta. Allon ya taso kamar tudu, an sassaƙe gefunansa huɗu sun gangara cikin firam ɗin da wata lanƙwasa mai daɗin kallo. Tsohon yana kiran wannan sassaƙar gangare. Da wata wuƙa yake fitar da ita, wadda ya ƙera da hannunsa: ya goge bakin guntun ƙarfe da magagari har ya ɗauki siffar da yake so, ya dasa shi a cikin gungumen katako, ana kamawa da hannu biyu a tura.

Rannan ya miƙa wa ɗansa wuƙar, ya ce ya yi ƙofa ɗaya. Kwana biyar Daidai ya yi a kanta. Da ya gama, tsohon ya bi gangaren da babban yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya ce, "Hmm. Jingine ta can." Iyakar maganar ke nan. Da la'asar Daidai ya ga tsohon yana yanka sabon katako, ya ce a ransa to, an yar da tawa, ana yin wata. Washegari ya ɗaure kayansa ya tafi wani kamfanin kujeru a wani gari, bai dawo da zama ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa tambayar abin da ya sami ƙofar ba, tsohon bai taɓa faɗa ba, har Allah ya karɓi abinsa. Shekara arba'in ke nan yana auna komai sau uku saboda "hmm" guda ɗaya. Wuƙar kuwa, shi da kansa ya haɗa ta da tarkace ya ba masu sayen tsohon ƙarfe a shekarar da ya sayi injinsa na farko. Wannan ba ya son a tuna masa.

Kabad ɗin yana nan a ɗakin Inna, shi kaɗai ya rage daga aikin tsohon. Inna ta haura tamanin, idonta ya yi yana, haske da duhu kawai take bambancewa, ɗakinta da hannu take saninsa. Ranar wata Litinin, babbar 'yarta, wadda gida duka har Inna ke kira Yaya, ta sayo mata ƙaramin firij. Masu dakon da suka shigo da shi suka zo juyawa, kusurwarsa ta daki ƙofa ta huɗu, allon tsakiya ya tsage gida uku.

Yaya ma'aikaciyar asibiti ce da ta yi ritaya, amma bakinta bai yi ritaya daga ba da umarni ba. Daidai ya iske ta tsaye a kan tarkacen, hannu a ƙugu.

"Allah ne ya kawo ƙarshensa," in ji ta. "Dama na daɗe ina cewa ƙaton abin nan ya cinye rabin ɗaki. Na ga wani a kanti, na gilashi da farin ƙarfe, ga kyau ga sauƙin gogewa."

"Haba Yaya. Aikin Baba ne fa."

"To ka gyara. Amma ka ji ni da kyau, Auta, ba zan bar wa Inna ƙofa biyar iri ɗaya ta shida bare ba. Asabar ta mako mai zuwa motar kanti za ta zo. Idan na shigo na iya nuna sabuwar ƙofar da yatsa, a fitar da kabad ɗin."

"Ni za ki nuna wa aiki da yatsa?" Ya tattara guntayen yana huci. "Kwana uku ya ishe ni."

Inna tana zaune a bakin gado, ba wanda ya tambaye ta.

Firam ɗin bai ji ciwo ba, allon ne kawai za a sake, kuma allo ba wani abu ba ne. Gangaren ne aikin. Daidai ya jiƙa sandar sabulu ta yi laushi, ya danna ta a gefen guntun allon har ta ɗauki siffar, ya yanke ta, ya zana a kwali, ya fitar da samfur. Ya sa a aljihu ya nufi rumfar mai kayan aiki, inda ake sayar da ƙarafan da ake ɗaura wa inji su sassaƙa gefen katako. Mutumin yana da durowa uku cike da su. Daidai ya sa aka zazzage masa duka a kan tebur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora kwalinsa. Sun fi arba'in. Wani ya yi zurfi, wani ya yi faɗi, wani ya fara daidai ya ƙare a wani wuri daban.

Mai kayan ya zaro ɗaya ya ɗora. "Malam, wannan ai shi ne."

"Ɗaga shi sama ka duba. Ba ka ga haske yana wucewa ba?"

"Hasken da ko gashi ba zai bi ta ciki ba? Wa zai gani?"

"Ni."

"To kai za ka zauna a cikin kabad ɗin?"

Daidai ya karɓe kwalinsa ya fita ko sallama babu. Ya zagaya rumfa huɗu a ranar, ya ƙara uku washegari, ko'ina tambayar ɗaya ce, wa zai gani. Wani tsohon abokin aikinsa mai babban inji ya ce a haɗa ƙarfe biyu, a bi da wannan a bi da wancan. Aka gwada a kan guntun katako, wata 'yar gaɓa ta fito a tsakiyar lanƙwasar, abokin ya ce a murje ta da samfefa kowa ya huta. Daidai ya dube shi kamar ya zage shi. Kwana ukun da ya cika baki a kansu suka ƙare yana yawo da kwali a aljihu, kuma ya san abin da yake nema ba ya cikin durowar kowa. Ya taɓa riƙe shi a hannunsa, ya sayar da shi a kilo.

Ba yadda zai yi sai ya ƙera wata wuƙar. Ya samo guntun ƙarfe mai kyau wajen maƙeri, ya ɗaure shi a bakin benci, ya zauna da magagari. Kwana biyu yana goge, yana ɗora kwali, yana ɗagawa sama yana neman haske. Ya kori mutum biyu da suka zo da aiki. Da haske ya daina wucewa, ya mayar wa maƙerin ya gasa ƙarfen ya tsoma a mai ya yi tauri, ya dawo ya dasa shi a gungume, ya tura a kan katako.

Gangaren ya fito, ya kuma hau sabulun ɗas. Amma da ya ja baya ya kalle shi, sai ya ga wani abu dunƙulalle, kamar fuskar da ta kumbura. Ba haka ya tuna hannun tsohon ba. Ya ɗauko guntun tsohon allon yana juyawa, farcensa ya ɓanɓaro wani ɓawo. Ƙarƙashin fenti mai ruwan madara da ke sama akwai kore. Ƙarƙashin koren akwai shuɗi. Ya ci gaba da kankara yana ƙirgawa har bakwai. Inna mace ce mai son fenti, duk 'yan shekaru sai ta sa an sake wa kabad ɗin riga. Ashe kwana biyun nan ba sassaƙar mahaifinsa yake kwaikwaya ba, kaurin fenti yake kwaikwaya.

Haushi kamar ya haɗiyi zuciya. Shi da ya sha yi wa mutane tsawa don sun auna katako da ƙura a kai, shi ne ya auna fenti bakwai ya kai wa maƙeri. Ya jefa sabulun a kwata, bai gaya wa kowa ba. Ya ɗauko zarto ya yanka ɗaya daga cikin guntayen a tsaye, ya kalli bakin yankan, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko. Ga gangaren gaskiya nan a fili, siriri, mai kaifi, har da wani ɗan layi kamar zare a samansa wanda fenti ya binne shekara da shekaru.

"Kai ne kuma?" in ji maƙerin da ya gan shi.

"Ba ni ƙarfe, ban zo hira ba."

Yana cikin kankare guntun ƙasan allon ne, don ya ga zaren nan da kyau, babban yatsansa ya faɗa wani wuri. Ya dawo ya sake bi. Kusa da kusurwar hagu akwai ɗan rami, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, inda wuƙa ta zame ta ci katako fiye da ƙima sannan ta dawo hanya. Daidai ya zauna a kan benci. Ashe Baba ma yana kuskure. Gaskiyar magana, da farko daɗi ya ji, wani irin daɗi mai sanyi da ya shekara arba'in yana jira. Daga baya kunya ta kama shi, ya ji kamar ya leƙa tsohon yana wanka. Ya yanke shawara zai rufa masa asiri: sabon allon zai fito sumul, ba wanda zai san an taɓa yin rami. Ya wurga guntun cikin tarin yankakkun katako a bayan ƙofa.

Wuƙa ta biyu ta yi. Da ya tura ta, katako ya riƙa fitowa a nannaɗe, zaren nan ya tashi tsaf daga kusurwa zuwa kusurwa, ƙamshin da ya cika shagon ya mayar da shi shekara goma sha tara. Gefe huɗu ya yi ba tare da hannunsa ya yi ko gezau ba. Ya sa allon a firam, ya kai gidan Inna ya gwada kusa da 'yan'uwanta, sai ga wata sabuwar masifa. Ƙofarsa ta fi su kaifi. Su biyar ɗin suna sanye da riga bakwai, tasa tsirara take, ko makaho ya gane ta. Wato bayan duk wahalar da ya sha wajen tono gangaren gaskiya, dole ya sake binne shi.

Ya binne shi kuwa. Shafi bakwai cikin kwana huɗu, fanka a kai, yana shafawa yana tsaki. Na ƙarshen ya haɗa ruwan madara da ɗigon ruwan ƙasa har ya yi kalar abin da ya tsufa. Matarsa ta leƙo ta ga zaren da ya yi kwana biyu yana nema yana nutsewa a cikin fenti, ta ce ita dai ba ta gane wannan sana'a ba. Ya ce ba a ce ta gane ba.

Ranar Alhamis ya ɗaura ƙofar. Yaya ta zo, ta sa tabarau, ta tsaya a tsakiyar ɗaki tana kallo. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta karkata kai. Can ta miƙa yatsa ta nuna ƙofa ta biyu.

"Wannan ce."

"Sake dai, Yaya."

"To ta biyar."

"Ta huɗu ce aka fasa, kina tsaye a wurin." Daidai ya gyara fensirinsa a bayan kunne, yana jin kansa kamar zai taɓa rufi. "Sai ki kira masu kanti ki ce su bar motarsu."

Yaya ta taɓe baki, ta fara laluben wayarta a jaka. A lokacin ne Inna ta taso daga bakin gado, lokacin shan maganinta ya yi. Ta dafa bango, ta kama kabad, ta ɗora babban yatsa a gangaren ƙasan ƙofofin tana ja, kamar yadda take yi sau uku kowace rana. Ta wuce ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, ta biyar, ta shida, hannunta ya faɗa iska. Ta tsaya. Ta juyo ta sake bi a hankali har ta dawo farko.

"Ina ƙofar maganina?"

"Ga ta nan, Inna, ta huɗu."

"Ni ba ƙirga nake yi ba. Akwai ɗan rami a ƙasa, nan yatsana ke faɗawa in san na iso. Ina ramin?"

Daidai ya dubi Yaya, ya rage murya. "Inna, wancan kuskure ne. Wuƙa ce ta zame wa Baba. Na gyara masa, ba sai an ji ba."

"Wa? Babanku?" Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci. "Wuƙa ba ta taɓa zame wa mutumin nan ba. Ƙofarka ce, Auta."

"Tawa ai ya yar da ita. Da idona na ga yana yanka wani katakon."

"Kantar ciki yake yankawa. Taka a daren da ka gama ta ma bai bari ta kwana a ƙasa ba, washegari ya ɗaura ta. Ni na ce masa ya goge ramin, ya ce a'a. Ya ce gefe uku yaron ya yi su kamar nasa, shi kansa ba ya bambancewa, wurin nan ne kaɗai za a san hannun wane ne, a bar shi. Shekarun da ba ka nan, duk ya zo wucewa sai ya tsaya ya taɓa wurin."

Da ƙyar Daidai ya ce, "To me ya hana shi faɗa mini?"

"Ka tsaya ne? Gari na wayewa ka tafi. Da ka dawo kuma ka dawo da inji da ɗaga hanci, shi kuwa ka san bakinsa." Ta koma ta zauna a bakin gado, ta juya fuska wajen da take jin Yaya. "In babu ramin, katako ne kawai. Yaya, bar motar ta zo, kawo naki na gilashin."

Yaya ta tsaya da waya a hannu, ita kanta ba ta ji daɗin nasarar ba. Daidai ya kwance ƙofar ya rungume ta ya fita. A hanya ba kuka ne ya zo masa ba, haushi ne, na tsohon da ya mutu da magana a ciki, na Inna da ta zauna tana jin ana ciniki a kan kabad ɗinta kwana goma ba ta ce uffan ba, da na kansa wanda ya fi duka. Kwana goma yana bin sawun hannun mahaifinsa, ashe sawun kansa yake bi, kuma abu ɗaya tak da tsohon ya ajiye masa shi ne ya sa hannu ya goge.

Saura kwana ɗaya da yini. Ranar Juma'a da safe ya ɗaure katakon gwaji a benci, ya kama wuƙar, ya ce yau zai yi kuskure. Ya tura, ta tafi sumul. Ya karkata kafaɗa ya tura, hannun ya gyara kansa tun kafin wuƙa ta ji. Ya rufe ido ya tura, wannan ma ya fi na baya kyau. Katako huɗu ya ɓata, in har ana kiran gangare huɗu marasa aibu ɓarna. Shekara arba'in ya yi yana horon hannun nan kada ya zame, yau yana roƙonsa ya zame sau ɗaya ya ƙi. Daga ƙarshe ya ɗauko ƙaramar wuƙa ya ƙwaƙule ramin da kansa, ya auna tsawonsa da gaɓar yatsa, ya murje shi, ya ɗauki katakon gwajin ya kai wa Inna.

Ta bi da yatsa sau ɗaya ta miƙo masa. "Wannan da gangan aka yi shi."

"Inna, rami fa rami ne!"

"Wancan faɗuwa aka yi. Wannan kwanciya ce."

Ya dawo shago kamar zai tashi sama. Sai a lokacin ya tuna da guntun da ya wurgar. Ya durƙusa a bayan ƙofa ya watsa tarin yankakkun katako, ya samu guntun sama, ya samu wanda ya yanka da zarto, na ƙasan babu. Ya zazzage buhun ɓawon katako a tsakar shago. Ya leƙa ƙarƙashin benci, ya ja inji, ya tambayi maƙwabtansa ko sun ga wani ya ɗiba, suka ce su ko ƙusa ba sa taɓawa a shagonsa, sun san hali. La'asar ta yi yana tsaye cikin tarkace har gwiwa, gumi ya jiƙa masa riga.

Ya shiga gida ya zube a kujera. Matarsa ta ajiye masa shayi. Ya dogara gwiwar hannu biyu a kan tebur ya dafe kai, ya daɗe a haka kafin ya lura da wani abu. Shayin bai zube ba. Ya danna teburin, bai motsa ba. Ya sunkuya a hankali ya leƙa. Ga guntun nan a ƙarƙashin gajeriyar ƙafar, ya zauna ɗas kamar don ita aka yanka shi.

Ya ɗaga teburin ya zare shi, ya bi da yatsa. Ramin yana nan.

"Mayar mini da abina," in ji matarsa. "Kwana biyar ke nan ina cin abinci cikin kwanciyar hankali."

"Kin san ko mene ne wannan?"

"Na san ya yi abin da kafinta ya kasa shekara shida."

Ya tashi ya wuce shago. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ya san sunanta. Ya kwance allon daga firam, ya ɗora zarto a kan gangaren ƙasa, gangaren da ya fi kowane aiki da ya taɓa yi kyau, ya yanke tsawon tafin hannu daga kusurwar hagu. Ya daidaita tsohon guntun ya shige gurbin, ya shafa gam, ya matse, ya bar shi ya kwana. Faci dai, a shagon Daidai, da hannun Daidai. Ya rufe ƙofar shago tun da rana don kada 'yan layi su gani.

Lokacin fenti bai samu ba. Ranar Asabar da hantsi ya ɗaura ƙofar haka nan, guntun katako ruwan ƙasa a jikin ƙofa mai ruwan madara. Yana ɗaure ƙusa ta ƙarshe motar kanti ta tsaya a waje tana hon.

Yaya ko tabarau ba ta sa ba. "Auta, wannan ai daga bakin titi ma ana ganinsa."

"Na sani."

"Kai da kake cewa ba ka faci."

"Yaya, na ce na sani."

Inna ta taso. Ta dafa bango, ta kama kabad, ta ja yatsa. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A ta huɗu yatsan ya faɗa, ya tsaya. Ta ɗan jima a wurin, sannan ta buɗe ƙofar, ta ɗauko kwalbar maganinta, ta rufe.

"Ku sallami mai motar nan, yana cika mini kunne."

Yaya ta fita tana mita, tana cewa ita dai ta gaji da mutanen gidan nan, uwa da ɗa da wanda ya mutu duk hali ɗaya. Daidai ya tattara kayan aikinsa a jaka. Har yanzu ransa a ɓace yake. Ya rataya jakar ya nufi ƙofar ɗaki. Da ya zo daidai ƙofa ta huɗu ƙafarsa ta tsaya da kanta, babban yatsansa ya kai wurin. Ya yi tsaki a hankali ya janye hannu, yana ganin ba wanda ya gan shi.

"Na ji ka," in ji Inna daga bakin gado. "Haka yake tsayawa."